Tibhirine: 'yan zuhudun Kirista 7 da suka ƙi barin maƙwabtansu Musulmi a yaƙin basasar Aljeriya

Da misalin ƙarfe 1 na daren Talata wayewar Laraba, 27 ga watan Maris na 1996, wasu mutane kimanin 20 ɗauke da bindigogi suka shiga wani gidan ibadar Kirista da ke ƙauyen Tibhirine, cikin duwatsun Atlas na ƙasar Aljeriya. Sun tashi 'yan zuhudu 7, dukansu Faransawa, daga barci, suka tasa su gaba zuwa cikin duhu. Mafi tsufa a cikinsu likita ne mai shekaru 82, wanda ya shafe shekaru 50 yana duba marasa lafiyar yankin kyauta. Bayan wata biyu aka tsinci kawunansu a bakin hanya kusa da garin Medea. Gangar jikinsu kuwa ba a gan ta ba har yau.

Mutanen nan sun san abin da ke tafe. An yi musu kashedi, an kashe maƙwabtansu, an kashe abokan aikinsu, hukuma ta yi musu tayin sojoji da kuma wani masauki a cikin gari. Sun zauna sun yi shawara fiye da sau ɗaya, kuma duk lokacin da suka zauna, matsayar guda ce: ba za su tafi ba.

Ga yawancin 'yan Nijar, Aljeriya ita ce Tamanrasat, ita ce hanyar Arlit da Asamaka, ita ce ƙasar ci-rani da kora. Amma abin da ya faru a arewacinta a shekarun 1990 ya yi kama ƙwarai da abin da yankin Sahel ke gani yanzu: ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai da sunan addini, sojoji da ke farautarsu, talaka a tsakiya, sannan ga ɗan tsirarun baƙi masu ibada da kowane ɓangare ke yi wa kallon tuhuma.

Gida a gefen dutse

Ga kunnen Bagobiri, sunan Tibhirine ya yi kama da Tibirin Maraɗi, amma babu dangantaka. Kalmar Barbarci ce da ke nufin lambuna. Ƙauyen yana kimanin kilomita 90 kudu da Aljiyas babban birnin ƙasar, kuma tun 1938 ne 'yan zuhudun ɗariƙar Katolika da ake kira Trappist suka kafa gidansu a can, suka raɗa masa suna Notre-Dame de l'Atlas.

Ɗan zuhudu a wannan tsari ba ya aure, ba ya mallakar komai da sunansa, ba ya yawan magana. Yana bin ƙa'idar da Benedict, wani malamin Kirista na Italiya, ya rubuta a ƙarni na 6, wadda ta raba yini tsakanin addu'a, karatu da aikin hannu. A Tibhirine suna tashi wajen ƙarfe 4 na asuba domin addu'ar farko, su riƙa komawa ɗakin ibada har sau 7 kafin su kwanta. Mafi yawan abin da suke rerawa Zabura ce ta Annabi Dauda. Tsakanin lokutan addu'a kuma sai lambu, kiwon zuma, girki da gyaran famfo. Zumar da kayan lambun a kasuwar Medea suke sayar da su.

Bayan Aljeriya ta samu 'yancin kai a 1962, gidan ya rabu da mafi yawan gonakinsa, ya rage da ɗan fili. Daga baya 'yan zuhudun suka shiga noman haɗin gwiwa da wasu magidanta na ƙauyen, ana aiki tare, ana raba amfani. Da yake ƙauyen bai da masallaci, sai suka ba da aron wani ɗaki a cikin harabarsu ana sallah. Ta haka kiran sallah da ƙarar ƙararrawa suka riƙa fitowa daga gida ɗaya.

Wanda talakawa suka fi sani a gidan shi ne Luc Dochier, likitan da ya iso a 1946. Ɗakin shan maganinsa ba ya rabuwa da layi, mata da yara da tsofaffi daga ƙauyukan kewaye, kuma ba ya tambayar mutum ko wane ne kafin ya duba shi. A 1959, lokacin yaƙin neman 'yanci, mayaƙan Aljeriya sun taɓa kama shi, suka sake shi bayan 'yan kwanaki.

Shugaban gidan tun 1984 shi ne Christian de Chergé, ɗan wani hafsan sojan Faransa. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Aljeriya, ya sake komawa yana saurayi a matsayin soja lokacin yaƙin. A can ya yi abota da wani magidanci Musulmi mai suna Mohamed, uban 'ya'ya 10. Wata rana da aka nemi a far wa Christian, Mohamed ya shiga tsakani ya kare shi. Washegari aka tsinci gawar Mohamed. Christian ya sha faɗa cewa jinin wannan mutumin ne ya nuna masa inda zai ƙare rayuwarsa. Ya isa Tibhirine a 1971, ya je Roma ya yi shekaru biyu yana karatun Larabci da ilimin Musulunci, sannan ya dawo ya zauna.

A 1979 aka kafa wani zaure mai suna Ribat es-Salam, wato igiyar zaman lafiya, da ke haɗuwa a gidan sau biyu a shekara. Ba a daɗe ba wasu mabiya ɗariƙar Alawiyya ta sufaye suka shiga. Sharaɗin da suka kawo shi ne kada a yi musu kan aƙida, domin musu raba mutane yake yi. A zauna wuri ɗaya, kowa ya ambaci Allah yadda addininsa ya koya masa.

Tuhumar da ke da tushe

Duk wanda ya san tarihin Aljeriya ba zai yi mamakin a tuhumi ɗan mishan ba. Faransa ta mamaye ƙasar a 1830, ta yi shekaru 132 tana mulkinta, kuma coci ya shigo ne a bayan soja. An mayar da masallacin Ketchaoua na Aljiyas babbar majami'a, bai koma masallaci ba sai a 1962. Charles Lavigerie, babban limamin Katolika na Aljiyas wanda ya kafa ƙungiyar 'yan mishan da ake kira Fararen Fada a 1868, ya tattara marayun da yunwa ta bari a wancan lokaci, aka yi wa da yawa daga cikinsu baftisma. 'Yan Aljeriya ba su manta da wannan ba.

Sai dai cocin da ya rage bayan 1962 ya sha bamban da wancan. Turawa kusan miliyan ɗaya sun tattara sun bar ƙasar, majami'u suka zama kango. Waɗanda suka zauna sun bi sawun Léon-Étienne Duval, babban limamin Aljiyas, wanda ya fito fili ya la'anci azabtar da fursunoni da sojojin Faransa ke yi, har Turawan da ke son ci gaba da mulkin mallaka suka riƙa yi masa ba'a da sunan Mohamed Duval. Daga baya ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Aljeriya. Aikin wannan ƙaramin coci ya koma kula da ɗakunan karatu, ɗakunan shan magani, da koyar da ɗinki. 'Yan zuhudun Tibhirine ba sa fita wa'azi, ba sa neman juya kowa daga addininsa. Yadda suke bayyana kansu shi ne masu addu'a da ke zaune cikin wasu masu addu'a.

Shekaru goma na jini

A ranar 26 ga Disamba 1991 jam'iyyar masu kishin Islama ta FIS ta yi gagarumin rinjaye a zagayen farko na zaɓen 'yan majalisa. A watan Janairun 1992 sojoji suka soke zagaye na biyu, shugaba Chadli Bendjedid ya sauka, daga baya aka haramta jam'iyyar, aka kama dubban magoya bayanta. Wasu suka shiga daji. Yaƙin da ya biyo baya ya ci rayukan da ake ƙiyasta tsakanin 100,000 da 200,000, kusan dukansu Musulmi 'yan ƙasa: manoma, malaman lakkol, 'yan jarida, likitoci, mawaƙa, 'yan sanda, da matasa masu aikin soja na tilas. Malaman addini ma ba su tsira ba. Sheikh Mohamed Bouslimani na Blida, shugaban wata babbar ƙungiyar agaji ta Musulunci, an sace shi a ƙarshen 1993 aka kashe shi, bayan ya ƙi ba da fatawar halatta jinin jama'a.

Ƙungiyar da ta fi kowace zafi ita ce GIA. A ƙarshen Oktoban 1993 ta bai wa dukan baƙi wa'adin wata guda su fice daga ƙasar. Ranar 14 ga Disamba, aka yi wa ma'aikata 12 'yan ƙasar Kuroshiya yankan rago a Tamesguida, 'yan kilomitoci kaɗan daga Tibhirine. Mutane ne da 'yan zuhudun suka sani, domin sukan zo ibada a lokutan bukukuwa.

Kwana 10 bayan haka, a jajibirin Kirsimeti, wani kwamandan GIA mai suna Sayah Attia ya shigo gidan da yaransa. Christian ya nemi su fita waje a yi magana, ya ce ba a shiga wannan gida da makami. Attia ya zo da buƙatu uku: likita ya bi su daji, a ba su magunguna, a ba su kuɗi. Christian ya ƙi duka. Ya ce Luc tsoho ne mai ciwon asma, amma duk wanda ya zo ɗakin shan magani za a duba shi kamar kowa. Magungunan na talakawa ne. Kuɗi kuwa ba su da shi. Ya kuma shaida masa cewa a daren ne suke bikin haihuwar Annabi Isa. Attia ya nemi afuwa, ya juya da mutanensa.

Daga watan Mayun 1994 kisan ya iso kan ma'aikatan coci. Ranar 8 ga wata aka harbe Henri Vergès da Paul-Hélène Saint-Raymond a ɗakin karatun da suke kula da shi domin ɗaliban unguwar Kasba. A Oktoba aka kashe mata 'yan zuhudu biyu 'yan Sifaniya a Bab El Oued suna hanyar zuwa ibada. Ranar 27 ga Disamba aka kashe limamai 4 a Tizi Ouzou, kwana guda bayan jami'an tsaron Faransa sun kashe 'yan GIA 4 da suka yi fashin wani jirgin Air France. A 1995 aka ƙara kashe mata 3.

Me ya hana su tafiya?

Bayan ziyarar jajibirin Kirsimeti, yawancin 'yan zuhudun sun karkata ga tafiya. Tsoro ya kama su kamar yadda zai kama kowa. Christophe Lebreton, mafi ƙarancin shekaru a cikinsu, ya bar littafin da yake rubuta abin da ke ransa kullum, kuma fargaba da kokawa da zuciya sun cika shi. Babban limamin Aljiyas na lokacin, Henri Teissier, ya zo ya zauna da su. Christian ya gana da kowa shi kaɗai. A ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, suka zaɓi zama.

Dalili na farko yana cikin alwashinsu. Ɗan zuhudun wannan tsari yana ɗaukar alkawarin zama da jama'a guda a gida guda har mutuwa. Dalili na biyu shi ne maƙwabta. Baƙo yana da fasfo da jirgin da zai kai shi Faransa. Manomin Tibhirine ba shi da inda za shi. Sun ga cewa wanda ya ci arzikin mutane lokacin lafiya, bai kamata ya sulale ya bar su lokacin wuya ba. Dalili na uku kuwa, tafiyarsu za ta zama nasara ga masu cewa Musulmi da Kirista ba za su iya zama wuri ɗaya ba.

Sun kuma ƙi tayin gwamnan Medea na girke musu sojoji. A ganinsu, ranar da bindiga ta tsaya a ƙofarsu, sun shiga yaƙin ke nan, kuma ƙauyen ne zai biya. A tsakaninsu sukan kira sojoji 'yan'uwan fili, su kira mayaƙan 'yan'uwan dutse, don kada bakinsu ya saba da kiran wani maƙiyi. Wannan tsaka-tsaki ya jawo musu baƙin jini ta kowane gefe. Jami'an tsaro ba su ji daɗin yadda Luc ke ɗinke raunin duk wanda aka kawo masa ba, mayaƙan kuma ba su daina yi musu kallon Faransawa ba. Akwai ma waɗanda, a cikin coci da wajensa, suka ga zaman nasu a matsayin ganganci.

Addu'arsu ba ta canza lokaci ba. Abin da ya canza shi ne yadda suke jin ta. Zabura cike take da kukan wanda maƙiya suka kewaye, kuma sun rubuta wa 'yan'uwansu a Faransa cewa kalmomin da suka yi shekaru suna rerawa sun zama labarin abin da ke faruwa a bakin ƙofarsu. Christian ya ce bayan tafiyar Attia, roƙon da ya riƙa yi shi ne Allah ya raba mutumin da makaminsa, ya kuma raba shi kansa da makamin da ke cikin zuciyarsa.

Tsakanin 1 ga Disamba 1993 da 1 ga Janairu 1994 ya rubuta wasiyya, ya rufe, ya aika wa danginsa da sharaɗin kada a buɗe sai ya mutu. A ciki ya ce idan ta'addanci ya ci shi, a tuna cewa ya riga ya ba da ransa ga Allah da kuma wannan ƙasa. Ya ce ransa bai fi na kowa daraja ba, a haɗa mutuwarsa da ta dubban da aka kashe babu wanda ya ambaci sunansu. Ya roƙi kada a ɗora laifin a kan al'ummar Aljeriya ko a kan Musulunci, domin ya san bambancin addinin da abin da masu kisa suka mayar da shi. Ya yafe wa wanda zai kashe shi tun kafin ya san fuskarsa, ya kira shi aboki, ya yi fatan su haɗu a Aljanna. Ya rufe da amin da in sha Allah. Jaridar La Croix ta Faransa ta buga wasiyyar a ƙarshen Mayun 1996, kuma tun daga lokacin aka fassara ta zuwa harsuna da dama.

Wata biyu a hannun 'yan bindiga

A daren da aka zo, maharan sun nemi mutum 7, suka samu 7, suka tafi. Ba su san cewa 9 ne a gidan ba. Bruno Lemarchand ya zo ne daga reshensu na Fas a Maroko domin zaɓen shugaba, Paul Favre-Miville kuma bai daɗe da dawowa daga ganin gida a Faransa ba. Sauran su ne Christian, Luc, Christophe, Michel Fleury da Célestin Ringeard. Biyu da ke kwana a wani sashe na daban, Amédée Noto da Jean-Pierre Schumacher, sun tsira. Haka ma baƙin zauren Ribat da ke kwance a masaukin baƙi a wannan dare. Mai gadin gidan, Musulmi ɗan ƙauyen, bai tona su ba.

A watan Afrilu wata sanarwa da sunan shugaban GIA Djamel Zitouni ta ce su ke riƙe da mutanen, ta nemi a saki fursunoninsu, ciki har da Abdelhak Layada. Ranar 30 ga Afrilu wani ɗan aike ya kai kaset ofishin jakadancin Faransa a Aljiyas, ɗauke da muryoyin mutanen 7. Tattaunawa ba ta kai ko'ina ba. Wata sanarwar mai kwanan wata 21 ga Mayu ta ce an yanka su. Ranar 30 ga Mayu aka sanar da gano su, ranar da tsoho Duval ya rasu yana da shekaru 92. An yi musu jana'iza tare a Aljiyas, sannan aka binne su a Tibhirine ranar 4 ga Yuni, cikin kaburburan da mutanen ƙauyen suka haƙa da hannunsu.

Batun wanda ya kashe su ya zama rigima tsakanin Faransa da Aljeriya. Hukumomin Aljeriya sun tsaya a kan cewa GIA ce. Wasu tsofaffin jami'an leƙen asirin ƙasar da suka gudu waje sun yi zargin cewa hukumar tsaro ta kutsa cikin ƙungiyar, kuma da saninta aka yi satar. A 2009 Janar François Buchwalter, tsohon jami'in soja a ofishin jakadancin Faransa, ya shaida wa alƙali cewa an ba shi labarin jirgin sojan Aljeriya mai saukar ungulu ne ya harbe su bisa kuskure. A 2014 alƙali Marc Trévidic ya je Tibhirine aka tono kawunan domin bincike, kuma masanan da suka duba sun karkata ga cewa an kashe su tun kafin ranar da sanarwar ta ambata, an kuma sare kawunan ne bayan sun mutu. Ba a taɓa gurfanar da kowa gaban shari'a a kan kisan ba.

Jini biyu a bakin ƙofa

Kisan ya sha tofin Allah tsine daga shugabannin Musulmi a Aljeriya da Faransa, har da wasu jagororin FIS da ke gudun hijira. Hujjarsu sananniya ce ga duk ɗalibin da ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik: a cikin wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham, ya umarce su da su ƙyale mutanen da suka keɓe kansu a gidajen ibada. 'Yan Aljeriya kuma suna da misali daga gida, domin gwarzonsu Amir Abdulƙadir, wanda ya yi shekaru 15 yana yaƙar Faransa, shi ne ya ba dubban Kiristoci mafaka a Dimashƙu a 1860 lokacin da aka far musu.

Na 19 kuma na ƙarshe a jerin ma'aikatan cocin da aka kashe shi ne Pierre Claverie, bishop na Oran, haifaffen Aljiyas. Bam ya tashi da shi a ƙofar gidansa a daren 1 ga Agusta 1996, tare da Mohamed Bouchikhi, saurayi Musulmi ɗan shekara 21 da ya ɗauko shi a mota daga filin jirgi. Mohamed ya san haɗarin da ke cikin rakiyar, bai fasa ba.

Ranar 8 ga Disamba 2018 cocin Katolika ya ayyana mutanen 19 a matsayin masu albarka, matakin da ke gab da na waliyyai a tsarinsa. An yi bikin a Oran, karon farko da aka yi irinsa a ƙasar da Musulmi suka fi rinjaye. Ministan harkokin addini na Aljeriya da limaman masallatai sun halarta, an kuma karrama limamai wajen 100 da aka kashe a yaƙin saboda sun ƙi goyon bayan zubar da jini. A hoton da aka zana domin bikin, an sa Mohamed Bouchikhi a gefe. Kafin nan, fim ɗin Des hommes et des dieux na Xavier Beauvois, wanda ya samu babbar kyauta a bikin fina-finai na Cannes a 2010, ya riga ya kai labarin ga miliyoyin 'yan kallo.

Wutar ta gangaro kudu

Daga cikin GIA ne ƙungiyar GSPC ta ɓalle a 1998, ita ce kuma ta rikiɗe ta zama reshen Alƙa'ida na yankin Magrib a 2007, ta bazu zuwa arewacin Mali. Saboda haka tambayar da aka yi a Tibhirine, a zauna ko a tafi, ta iso ƙasashenmu.

A daren 17 ga Satumba 2018 aka sace Pier Luigi Maccalli, limamin Katolika ɗan Italiya, a Bomoanga cikin jahar Tilaberi, inda ya yi shekaru 11. Ya shafe fiye da shekaru biyu a hamada, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, kafin a sake shi a Mali ranar 8 ga Oktoba 2020. Ba shi da littafi, ba shi da majami'a. Ya ce da tsumma ya ƙulla tasbaha yana jan addu'a, kuma ya yafe wa masu tsaronsa, waɗanda yawancinsu yara ne matasa. Gloria Cecilia Narváez, 'yar zuhudu daga Kolombiya, an ɗauke ta a Karangasso da ke kudancin Mali a Fabrairun 2017, bayan ta nemi a tafi da ita a bar ƙananan abokan aikinta. Sai Oktoban 2021 ta fito. Ken Elliott, likitan tiyata ɗan Ostiraliya da ya buɗe asibiti a Jibo ta Burkina Faso tun 1972, an sace shi a Janairun 2016, mutanen garin suka fito suna neman a sako musu likitansu, bai samu 'yanci ba sai a Mayun 2023 yana da shekaru 88. Béatrice Stöckli 'yar Suwizalan, wadda aka sace sau biyu a Tumbutu, ba ta dawo ba.

A Abalak cikin jahar Tawa, daren 14 ga Oktoba 2016, an tafi da Ba'amurke Jeffery Woodke, wanda aka sako a Maris na 2023. Duniya ta san sunansa. 'Yan Nijar biyu da aka harbe a gidansa a wannan dare, mai gadi da wani jami'in tsaro, a layi ɗaya labarai suka ambace su. Wannan shi ne abin da wasiyyar Christian ta yi gargaɗi a kai: baƙo yana da ƙasar da za ta bi kadinsa, ɗan gida kuwa adadi yake zama.

Masu harbin ba sa bambanta ɗakin ibada. Ranar 25 ga Fabrairu 2024 a Burkina Faso, an kashe aƙalla mutum 15 a majami'ar Essakane, a rana guda kuma aka kashe masallata da dama a masallacin Natiaboani. Ranar 21 ga Maris 2025, mutum 44 aka kashe a masallacin Fambita cikin karkarar Kokoru, ana sallar Juma'a cikin watan azumi. Mu ma a birane muna da namu tabon. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu, 'yan sanda suka ce majami'u 45 aka ƙona a Yamai kaɗai. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su da hannu a zanen da aka yi a Paris. Maƙwabta ne, kuma a unguwanni da dama maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye su. A Yunin 2019 an sake cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi. Duk da haka asibitin Galmi, wanda 'yan mishan suka buɗe a 1950, yana nan yana karɓar marasa lafiya daga Nijar da Najeriya, mafi yawansu Musulmi.

Amédée ya rasu a 2008. Jean-Pierre Schumacher ya koma Maroko, inda jama'ar gidan suka sake kafuwa a garin Midelt, ya ci gaba da tashi addu'ar asuba da shan shayi da ma'aikatan lambu. Da Paparoma Francis ya ziyarci Rabat a Maris na 2019, ya sunkuya ya sumbaci hannunsa. Ya rasu ranar 21 ga Nuwamba 2021 yana da shekaru 97.

Gidan Tibhirine bai zama kango ba. Tun 2016 wata ƙungiyar Katolika mai suna Chemin Neuf ke kula da shi, ana noman lambun tare da mutanen ƙauyen, an kuma gina masallaci daura da ƙofar. Kaburbura 7 suna jere a ƙarƙashin itatuwa, kowanne da suna a kan dutse, kuma mafi yawan masu zuwa ziyara 'yan Aljeriya ne Musulmi.